Sakaci ne, a daina fakewa da ƙaddara

Tun shekaranjiya hoton nan yake yawo, matattun kaji a zube an tara su kamar tsibin dawa, mai gonar ya rubuta wai ƙaddara ce ta faɗa masa. Ku kuma kun yi layi kuna ta "Allah ya mayar da alheri". Amin, ni ma na ce amin. Amma na san gonar nan, ƙafata ta taka cikin ɗakin kajin nan, shi ya sa na kasa yin shiru. Sakaci ne ya kashe kajin nan.

Rufin kwano ne gajere, dogon mutum sai ya sunkuya. Tankin ruwa baƙi ne, yana zaune a filin Allah, rana na dukansa tun hantsi, kafin azahar ruwan ya yi zafin da ko hannu ba ka so ka daɗe a ciki. Ga shi muna watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Yaro ɗaya aka bar wa komai, shi ne mai zuba abinci, shi ne mai gadi, shi ake aike kasuwa. Mai gonar kuwa rabonsa da shiga ɗakin ya daɗe. Da dare yake bugo waya, tambayarsa ɗaya: "Nawa suka mutu yau?"

Wannan tambayar ce ta ɓata min rai. Yawancin masu gidan gonarmu gawa suke ƙirgawa, ba sa duba mai rai. Alhali kaza ba ta mutuwa sai ta yi ta nuna maka. Ba ta yin gumi kamar mutum, don haka in zafi ya ishe ta sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai nesa da jiki, ta bar abinci, su taru a kan mazubin ruwa. Awoyi take yi a haka. Duk wanda ya leƙa zai gani. Ba a leƙa ba ne.

Kuma a daina gwada burola, wato kajin gona da ake kiwo don nama, da kajin gida. Kazar da kakata take kiwo watanni take yi kafin ta isa yanka, in rana ta take sai ta shige ƙarƙashin rumbu ta tona ƙasa mai sanyi ta kwanta. Burola kuwa, ɗan tsakon da aka ɗauko maka daga Ibadan da kwana ɗaya a duniya, cikin mako shida ya kai kilo biyu ko fiye. Tsoka tana riga ƙashi da zuciya girma. Ga nauyin jiki, ga cunkoso, ga ba inda za ta gudu. Kai ka kulle ta, kai ne inuwarta, kai ne ruwanta.

Dubawar ma mene ne wahalarta? Ka shiga, ka taka a hankali daga wannan bango zuwa wancan, ka ga waɗanda suka tashi da waɗanda suka kasa. Ka ɗaga guda biyar ka juya su, ka dubi tafin ƙafa da ƙirji, in ka ga baƙin gyambo to shimfiɗarka ta jiƙe. Ka damƙi buntun shinkafar ko dusar katakon da aka shimfiɗa musu da hannunka, in ta dunƙule ta ƙi wargajewa ta isa canji. Sannan ka tsuguna daidai tsawon kaza ka shaƙi iskar wurin. In idonka ya kawo ruwa cikin minti ɗaya, ka tuna su a nan suke kwana su tashi. A Suwidin da Denmak ƙafafun kaji ake dubawa a mayanka a ba gona maki da su. Tarayyar Turai tun 2007 ta ƙayyade cewa nauyin kaji kada ya wuce kilo 33 a murabba'in mita ɗaya, ba a yarda ka kai 42 sai ka cika sharuɗɗa. Ni ban ce ka sayi na'ura ba. Ido da hanci da tafin hannu, kyauta Allah ya ba ka.

Na san masu cewa "ai yanka su za a yi". To sai me? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko a wurin yankan ma cewa ya yi a wasa wuƙa a hutar da dabba. Mun kuma san matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ci da ita ba, ba ta sake ta ba. Kyanwa ɗaya ke nan. Masu cewa mutane ma ba su ƙoshi ba balle kaji, ku wuce kawai, sa wa tanki rumfa bai hana kowa cin tuwo ba. Masu kukan tsadar masara da waken suya kuwa, ai ku ya fi kamata ku kwana a bakin ɗakin, tunda kazar da ta mutu a mako na biyar ta tafi da buhunanku a cikinta.

Ƙaddara gaskiya ce, babu musulmin da zai musa. Amma an ce ka ɗaure raƙumi sannan ka yi tawakkali. A 2006 da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jaji ta jihar Kaduna, mutane sun yi asarar da ba su da hannu a ciki, kowa ya tausaya musu. Wannan ba mura ba ce. Ba a shiga an duba ba ne. Kuma abin da ya fi ci min rai, in kaji suka fara tari saboda ƙazanta, maimakon a kwashe shimfiɗa a kira likitan dabbobi, sai a yi ta zuba magani a ruwa har ranar da za a kai su kasuwa, 'ya'yanmu su ci.

Af, kafin in manta. Ku masu ɗaure kaji kai a ƙasa a jikin babur, kuna ratsa tsakiyar rana da su daga gona zuwa kasuwa, kawunansu na kusan gogar kwalta: jiya na bi bayan wani tun daga shataletale, biyu daga ciki sun daina motsi kafin mu rabu. Har yanzu ina tunanin tukunyar wa suka shiga.