A Daina Ɗaukar Kwas ɗin Sadarwa a Matsayin Cike Gurbi

Akwai wani kwas da ɗaliban jami'a da yawa ke riƙe da hannun hagu, wato na sadarwa tsakanin mutane da kuma a wurin aiki. Yawanci a shekarar farko ake yin sa, a zauren da ya cika maƙil, a haddace wane ne mai aika saƙo, wane ne mai karɓa, mene ne ke hana saƙo isa, a rubuta jarrabawa, a wuce. A ganina an ajiye kwas ɗin a inda bai dace ba. Wurinsa shekarun ƙarshe ne da matakin digiri na biyu, lokacin da ɗalibi ya riga ya san sana'arsa, kuma ya kusa tsayawa gaban majinyaci ko abokin ciniki ko maigidan da zai iya korarsa.

Shi kansa zanen mai aika saƙo da mai karɓa da ake haddacewa ɗin yana da tarihin da ba a cika gaya wa ɗalibai ba. Claude Shannon ne ya fito da shi a 1948, yana aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, kuma abin da ya dame shi shi ne yadda saƙo zai bi waya ya isa ba tare da ya lalace ba. Ya faɗa da kansa cewa ma'anar saƙon ba ta cikin matsalar da yake son warwarewa. Tsakanin mutane kuwa ma'anar ce komai. Mutum zai ji kowace kalma sarai, amma tsoro ko girman kai ko gaggawa su hana ta shiga.

Ranar 27 ga Maris, 1977, jiragen sama biyu, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin filin jirgin Los Rodeos a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen. Mutum 583 suka mutu. Hazo ya rufe filin, kyaftin ɗin KLM ya soma gudun tashi yana zaton an ba shi izini, alhali ɗaya jirgin yana kan titin. Injiniyan da ke bayansa ya tambaya ko jirgin Pan Am ya sauka daga titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya sauka, injiniyan bai sake cewa komai ba. Kyaftin ɗin babban mai horar da matuƙa ne a kamfaninsa. Wa zai ja da shi? Wannan hatsarin da makamantansa suka sa hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta shirya taro a 1979, daga nan aka soma horar da ma'aikatan jirgi yadda ƙarami zai faɗa wa babba cewa ya yi kuskure, da kalmomin da ba su da kwana, da kuma yadda babba zai saurara. Kamfanin jiragen sama na United Airlines ya fara irin wannan horon gadan-gadan a 1981.

Wannan shi ne abin da nake so a koyar a manyan azuzuwa, kuma shi ne mafi wuya. Gabatar da jawabi da hotuna a bango abu ne da ake iya koya cikin mako biyu. Amma ka kalli wanda ya girme ka a aiki da shekara ashirin, ka ce masa lissafin nan akwai gyara, ba tare da ka wulaƙanta shi ba, kuma ba tare da ka lulluɓe maganar har ta rasa ma'ana ba, wannan sai an yi ta maimaitawa a gaban malami. Ɗalibin shekarar farko bai san lissafin da zai ce akwai gyara a cikinsa ba tukuna. Na shekarar ƙarshe ya sani, saura bakin faɗa.

Ɗaya ɓangaren shi ne sauraro. A 1984 Howard Beckman da Richard Frankel suka naɗi zaman likitoci da majinyata, suka ga cewa a matsakaici daƙiƙa 18 kacal majinyaci ke samu yana bayanin abin da ya kawo shi kafin likita ya katse shi. Likitocin nan sun san aikinsu. Gaggawar kama bakin zare ce ke sa su cafke ƙorafin farko, wanda sau da yawa ba shi ne babba ba. Makarantun likitanci da dama sun gyara, suna kawo mutanen da aka horar su yi kamar marasa lafiya, ɗalibi ya zauna da su, a ɗauki bidiyo, a dawo a kalla tare. Haka kuma takardar jerin abubuwan dubawa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 domin ɗakin tiyata ta tanadi cewa kowa ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara yanka. Wanda ya riga ya buɗe baki sau ɗaya ya fi samun ƙarfin sake buɗewa idan ya ga abu ya karkace. Ban ga dalilin da zai hana ɗaliban injiniya da lauya da akanta samun irin wannan horon ba.

Akwai masu cewa iya magana baiwa ce, ko dai an haife ka da ita ko babu. Gaskiya ne wasu bakinsu ya fi zaƙi tun suna yara. Sai dai zaƙin baki daban, iya isar da magana daban. Na sha ganin mai kunya da bai cika surutu ba ya rubuta wasiƙar aiki mai layi biyar da kowa ya gane abin da ake so ya yi, na kuma ga mai fasahar baki ya riƙe taro awa guda aka tashi ba a san matsaya ba.

Wani abin da ke zubar da darajar fannin shi ne tatsuniyoyin da masu horarwa ke yawo da su. Wadda ta fi shahara ita ce wai kashi 7 cikin 100 kawai na saƙo ke cikin kalmomi, 38 a murya, 55 a fuska. Alƙaluman daga gwaje-gwajen Albert Mehrabian ne na 1967, inda aka yi amfani da kalma ɗai-ɗai domin auna yadda mutane ke gane so ko ƙi. Shi da kansa ya ja kunne cewa ba su shafi kowace irin magana ba. Kwas na manyan ɗalibai ya kamata ya koya musu bin irin wannan da'awar har tushenta.

Na san gyaran da nake nema yana da tsada. Ba a koyar da sauraro a zauren mutum ɗari biyar. Sai an raba aji ƙanana, an samu malaman da suka taɓa yin aikin da kansu, an kuma sauya salon jarrabawa. A ba ɗalibar injiniya rahoton da ke nuna gini yana da matsala, a zaunar da ita gaban wani da zai yi kamar shugaban kamfanin da ke sauri, a ba ta minti biyar. A ba ɗalibin akanta aikin sanar da abokin ciniki cewa kuɗinsa ba za su fito a wannan watan ba. Malamin sadarwa da malamin sana'ar su zauna tare su ba da maki, ɗaya yana duba ko abin da aka faɗa daidai ne, ɗayan yana duba ko wanda aka faɗa wa ya gane. Wanda bai ci ba ya sake, kamar yadda zai sake kowane kwas da digirinsa ya rataya a kai.