Takaicin Ulu Mai Launi Biyu

Babu abin da yake ƙona mini rai a harkar saƙa kamar in shafe makonni a kan rigar sanyi, sai na zo hannu na biyu ulu ya ƙare, in sayo wani dunƙulen mai suna ɗaya da launi ɗaya, amma da na ɗora shi a rana sai in ga shuɗin ya rabu gida biyu.

Dalilin sananne ne. Ana rina ulu kashi-kashi, kuma kowane kashi yana da lambarsa a jikin takardar da aka naɗe dunƙulen da ita, daban da lambar launi. Abin haushin shi ne ana buga wannan lamba da ƙananan haruffa a wani lungu, sannan masu sayarwa sukan cuɗanya kashi biyu a kanta ɗaya ba tare da sun ce wa mai koyo uffan ba. Ita kuwa mai koyo nauyi kawai take dubawa, gram 50 ko gram 100, alhali tsawon zaren a mita shi ya fi muhimmanci wajen sanin ko ulun zai isa, domin auduga ta fi akirilik, wato zaren roba, nauyi, don haka zaren dunƙulenta yakan fi gajarta ko da nauyin dunƙulayen ɗaya ne.

Yanzu dai nakan sayi duk abin da aikin zai ci a lokaci guda, har da ƙarin dunƙule ɗaya, in kuma adana takardar. Waccan rigar kuwa sai da na warware hannun gaba ɗaya, na riƙa saƙa layi biyu da tsohon ulu, biyu da sabon, kafin bambancin ya ɓuya.