Sharhi kan labarin warin fenti da ciwon kai a ofis

Wani labari da ya ce ma'aikata na fama da ciwon kai da kasala a sabbin ofisoshi ya taɓo gaskiya, sai dai ya tsaya kan fenti kawai. Fenti da tina sukan huce cikin makonni. Abin da ke daɗewa shi ne gam ɗin da aka haɗa katakon MDF (wanda ake yi da garin katako da aka matse) da filawud da shi, wanda ke fitar da sinadarin fomaldehaid wata da watanni. Shi ne ke sa ido yaji da kaikayin maƙogwaro idan an buɗe sabuwar durowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada fomaldehaid ya wuce miligiram 0.1 a kowace mita kubik ta iska, a ma'aunin minti 30. Zafi da laima suna ƙara fitarsa, don haka da bazara da damina abin ya fi muni.

Kan yadda iskar ofis ke shafar tunani kuwa, binciken Jami'ar Harvard na 2015 kan ma'aikata 24 ya nuna makinsu a gwajin yanke shawara ya ƙaru da kashi 61 cikin ɗari a ranakun da aka rage irin waɗannan sinadarai a iskar ofis.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kulle tagogi a kunna AC ɗin bango. Wannan na'ura sanyaya iskar ɗakin kawai take yi, ba ta shigo da sabuwa. Fesa turaren ɗaki ma ƙara wani sinadari ne. A buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna safe da yamma, a shanya sabbin kayan katako a inuwa kafin a shigar da su, a rufe gefunan da aka yanka da leda ko fanish, sannan a fitar da gwangwanin tina da fetur daga ɗakin da ake zama.