Kafin ka biya kuɗin sola, san wanda zai ɗaga wayarka gobe

'Yan'uwana matasa, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, sannan Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu a Oktoban 2024, kowa hankalinsa ya koma kan sola. Abin da ke damuna shi ne yadda muke miƙa kuɗin da muka sha wuya kafin mu tara, don kawai mai shago ya ce garantin shekara 25 ne.

Ku tsaya ku gane wannan shekara 25 ɗin. Alkawari ne cewa ko bayan tsawon wannan lokaci farantin sola zai riƙa ba da kusan kashi 80 cikin ɗari na wutarsa. Garantin lalacewar farantin kansa daban yake, galibi shekara 10 zuwa 12. Kamfanonin da ke ƙerawa, irin su Jinko da LONGi, suna can China, kuma a yawancin takardunsu kuɗin hawa rufi a kwance faranti a kanka yake. In tsawa ce ta ƙona shi, ko mai haɗawa ne ya yi ganganci, babu ruwansu. Kamfanin ma kan durƙushe ya bar ka da takarda a hannu, kamar yadda SunPower ta Amurka ta karye a 2024. Kuma ba faranti ne ke saurin mutuwa ba, batir ne da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wadda kayan gida ke amfani da ita. Batirin ruwa da wuya garantinsa ya wuce shekara biyu.

Saboda haka wanda zai haɗa maka, shi za ka fi tsananta wa bincike. Araha ba ta ado. Mutumin da ba shi da shago sai lambar waya da hotuna a Facebook, ina za ka same shi ranar da inbata ta fara ƙara cikin dare? Ka je shagonsa da ƙafarka. Ka ce ya kai ka gidan da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, ka tambayi maigidan a keɓe. Ka nemi ganin shaidarsa ta NEMSA, hukumar gwamnati da ke tantance masu aikin haɗa wutar lantarki.

Mai sana'ar kirki zai fara da lissafin kayan wutar gidanka, firji ne, fanka ce, injin jawo ruwa ne, kafin ya faɗi farashi. Zai gaya maka gaskiya cewa zafin Afrilu da ƙurar hunturu suna rage ƙarfin faranti. Ba zai sa maka siririyar waya mai ɗaukar zafi ba, ba zai tsallake binne ƙarfen kariya daga tsawa ba. Wannan wurin ne da yawa ke yi wa mutane ƙwange, don sun san maigida ba zai hau kwano ya duba ba.

Don Allah kada ka biya kuɗi duka a tashi ɗaya, ka riƙe wani abu sai an gwada. A rubuta maka lambar kowane faranti da batir a jikin rasit, domin akwai masu liƙa takardar wat 550 a kan ƙaramin faranti. Sannan ya sa hannu a gaban shaida kan tsawon lokacin da zai gyara aikinsa kyauta.