Tsoho da guduma a hannu

Wallahi wani labari na 'yan sa kai masu gyara wa talakawa gidaje a Amurka ya tuna min da Jimmy Carter, tsohon shugaban ƙasa guda fa, wanda daga 1984 ya yi shekaru yana irin aikin nan da Habitat for Humanity, ƙungiyar da ke gina wa talakawa gidaje. A 2019 yana shekara 95 ya faɗi a gida har aka yi masa ɗinki 14, amma haka ya je birnin Nashville ido a kumbure yana buga ƙusa.

Mu dai aikin gayya muka sani. Bara iska ta yaye kwanon ɗakin wata tsohuwa a layinmu, muka yi karo-karo muka sayo kwano da katako, kafinta ko sisi bai karɓa ba, kafin la'asar an rufe. Kunun tsamiya ta dama mana.