Gidan Makama namu ne, amma mun bar wa baƙi

Jama'a dan Allah ina da tambaya, musamman ku 'yan cikin birni. Yaushe rabonku da shiga Gidan Makama, gidan tarihin nan namu na Kano? Ba wucewa ta bakin ƙofa a adaidaita nake nufi ba, shiga ciki. Da yawanmu tun zuwan firamare da malamai suka jera mu biyu-biyu ba mu sake leƙawa ba, wasu ko wannan ɗin ma ba su samu ba, alhali gidan yana nan daura da gidan Sarki, mutum zai zo kallon hawan Daushe ya jingina da katangarsa har a tashi bai san me ke ciki ba.

Asabar ɗin da ta wuce na kai yaran yayata su uku. Ƙaramin yana shiga wani soro ya ɗaga kai sama ya daɗe yana kallo, can sai ya ce, Kawu ina rodin yake? Na ce babu rodi, babu siminti, ƙasa ce da azara. Ya ce wallahi wasa nake masa. Yaro haifaffen Kano fa, bai san kakanninsa suna ɗaura bakan gizo da tubali da azarar giginya rufi ya tsaya shekara da shekaru ba. Abin ya tsaya min a rai har yanzu.

Gidan nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ake ba da tarihinsa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa kasuwar Kurmi ya kuma gina fadar da ake ciki har yau. Turawa da suka ci Kano a 1903 sun yi amfani da gidan, daga baya aka yi makaranta a wani sashensa. Akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari a ciki, akwai hotuna, akwai kayan yaƙi da kayan sana'a. Amma ni a wurina ginin kansa ya fi duk abin da aka ajiye a cikinsa, kuma abin da nake so mu gane kenan, mu fasaharmu ba ta cikin gilashi take ba, tana hannun mutane. Zanen bango da dagi, aska takwas a gaban babbar riga, zayyanar allon sauka, aikin dukanci, saƙi, ɗinkin hula. Kuma sana'o'in a sarƙe suke da juna. Ka ɗauki laso da ake shafe katanga da shi don kar ruwa ya ci ta, sai magini ya nemo katsi, wato dagwalon da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, daga wajen marina, ya nemo gashin jima daga wajen majema, ya haɗa da dafara. Kaga idan karofi ya mutu ba rini kaɗai ya tafi ba, ya ja wani sashe na gini ya tafi da shi. Wannan ilimin ba a ajiye shi da ɗan rubutu a jikin bango, sai yaro ya ga ana kwaɓawa da idonsa.

Shi ya sa nake yaba wa 'yan uwanmu na Nijar. Gidan tarihinsu na Yamai, wanda ake kira da sunan Boubou Hama, tun 1959 aka buɗe shi, kuma ba kaya kawai suka tara suka kulle ba. Masu sana'a suna zaune a ciki suna aiki, Buzaye maƙeran azurfa, dukawa, masaƙa, kana tsaye ana ƙera abu ka yi ciniki ka saya. Ga namun daji, ga ragowar bishiyar Tenere, wadda ta yi suna don ita kaɗai ce tsaye a tsakiyar hamada, da mota ta buge a 1973, iyali guda za su zo su wuni kowa ya samu abin kallonsa. Talaka yana jin wurin nasa ne.

To mu me ya hana mu? Kano da Bature matafiyi Barth ya zo a 1851 ya rubuta yadda tufafinta ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus, a ce babu inda yaro zai zauna gaban mai bugu ko mai ɗinkin riga a koya masa? Ina so in ga an ware rana ko ɗaya ce a wata, a kawo tsofaffin magina da marinan Ƙofar Mata da na Kura su yi aiki a bainar jama'a, a biya su haƙƙinsu, kar a ce su zo don albarka kawai. A yi bayani da Hausar da kakata za ta gane, a sa ajami ma don almajirai da malaman zaure su karanta da kansu. Masu kuɗinmu da ke ɗaukar nauyin gasar ƙwallo, wannan ma wuri ne na sa hannu.

Kuma kafin mu ɗora wa hukuma, mu fara da kanmu. Muna rushe gidajen gado mu ɗora bulo, muna kiran ginin ƙasa talauci, sannan Bature ya taso daga Jamus ya zo yana ɗaukar hoton zankon da muka raina. Kuɗin shiga bai kai na datar da muke ƙonawa a kwana biyu ba.

Yaron nan dai bai bar ni ba, jiya ma sai da uwarsa ta kira ni yana tambaya wai menene katsi. Na yi masa alkawari Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan kai shi Ƙofar Mata ya leƙa cikin karofin da kansa, duk mai yara da yake son zuwa ya yi magana mu haɗu.