Fina-finan soyayya na Kirsimeti a gidanmu

Na karanta wani bayani kan fina-finan soyayya da tashar Hallmark ta Amurka ke fitarwa duk lokacin Kirsimeti. Mu a Garwa, ƙasar Kamaru, da Faransanci muke kallon irinsu, ni da ƙanwata, bayan isha'i. Rawar da ake yi a cikinsu ba ta dame ni ba, mun saba da ita a fina-finan Indiya da na Kano. Abin da ke min ciwo, sau da yawa yarinyar ce ke ajiye aikin da ta sha wuya a kansa, ta koma ƙauye saboda saurayi. Ƙanwata likitanci take karanta, kuma ina lura da shirun da take yi idan an zo wurin. Wallahi ina so ta ga fim ɗin da saurayin ne ya biyo yarinyar birni.